Tsaron manhaja: darasin da ake son ya soma tun shekarar farko ta jami'a

A shekarar 2024 kaɗai, an yi rajistar kimanin kafofi 40,000 da ɓarayin intanet za su iya bi su shiga manhajojin da bankuna, asibitoci da ma'aikatun gwamnati ke aiki da su. Da yawa daga cikinsu kurakurai ne da masana suka sani tun shekaru 20 ko 30 da suka wuce. Wannan ya sa hukumomin tsaron intanet a Amurka da Turai suka juya ga jami'o'i, suna neman a koya wa ɗalibi kare abin da ya rubuta tun ranar da ya soma koyon rubuta manhaja. Muhawarar ta shafi Nijar, inda hada-hadar kuɗi da takardun hukuma ke ƙara komawa cikin salula.

A ƙarshen watan Mayun 2023, wani gungun masu kutse da ake kira Cl0p ya soma kwashe bayanai daga kamfanoni da hukumomin da ke amfani da MOVEit, wata manhajar aika manyan takardu ta kamfanin Progress Software na Amurka. Kafin shekarar ta ƙare, kamfanin tsaro na Emsisoft ya lissafa ƙungiyoyi sama da 2,000 da lamarin ya shafa, da mutane fiye da miliyan 60 da bayanansu suka fita. Cikin waɗanda aka taɓa har da BBC, da kamfanin jiragen sama na British Airways, da kamfanin mai na Shell, da ma'aikatar makamashi ta Amurka, da ofisoshin ba da lasisin tuƙi na jihohin Louisiana da Oregon.

Hanyar da ɓarayin suka bi ba sabuwa ba ce. Masana na kiranta cushen SQL, kuma tun watan Disamban 1998 aka yi bayaninta dalla-dalla a mujallar Phrack, wadda masu binciken tsaron kwamfuta ke karantawa. Kusan shekaru 25 ke nan tsakanin ranar da aka san cutar da ranar da ta kayar da MOVEit, alhali maganinta na cikin kusan kowane harshen kwamfuta da ake aiki da shi a yau. A watan Maris na 2024, hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, da hukumar bincike ta FBI sun fitar da gargaɗi na haɗin gwiwa, inda suka buƙaci shugabannin kamfanonin manhaja su binciki kayansu, su kawar da wannan nau'in kuskure baki ɗaya. Sun kuma tunatar da cewa tun 2007 cibiyar MITRE ta saka shi cikin kurakuran da ba su da uzuri.

To, ta yaya kuskuren da aka daɗe da sanin maganinsa ke ci gaba da fitowa daga hannun mutanen da suka yi shekaru suna karatun kwamfuta? Amsar da ke ƙara samun karɓuwa a tsakanin masana ita ce, ɗabi'ar da ke haifar da shi a ajin farko ake koyonta.

Yadda kafar ke buɗewa

Kowace manhaja jerin umarni ce da mutum ya rubuta wa kwamfuta, abin da masu sana'ar ke kira kod. SQL kuma harshe ne da manhaja ke amfani da shi wajen yi wa rumbun bayanai tambaya. Idan mutum ya rubuta sunansa a gurbin shiga wani shafi, manhajar kan ɗauki sunan ta tambayi rumbun ko akwai mai wannan suna. Matsalar na zuwa ne idan marubucin kod ya liƙa abin da baƙon ya rubuta kai tsaye cikin tambayar. Sai mai mugun nufi ya rubuta umarni a inda ake jiran suna, rumbun kuma ya aiwatar, domin ba ya bambance umarnin mai gida da na baƙo. Kamar mai gadin sito ne da aka gaya masa ya bi duk abin da ke rubuce a takardar da ta fito daga gishe, sai wani ya rubuta sunansa, ya ƙara da cewa a miƙa masa mabuɗi. Maganin shi ne a shirya tambayar tun da farko, a bar gurbi na daban da ba ya karɓar komai sai suna. Harshen PHP, wanda ɗalibai da dama ke soma gina shafukan intanet da shi, yana ɗauke da wannan hanya tun shekarun 2000, kuma layi biyu ko uku ne bambancinta da hanyar mai hatsari.

Rukuni na biyu ya shafi ƙwaƙwalwar kwamfuta. A harsunan C da C++, marubuci ne ke ware wa kowane bayani wurin ajiya, kuma shi ke da alhakin tabbatar da cewa abin da aka zuba bai wuce wurin ba. Idan aka juye tiya uku ta hatsi a kwano mai cin tiya ɗaya, ragowar za ta zube kan abin da ke kusa, kuma a cikin kwamfuta abin da ke kusa na iya zama umarnin da na'urar za ta bi a gaba. Ta wannan hanya ce, da wasu, tsutsar Morris ta bazu a watan Nuwamban 1988, inda aka ƙiyasta ta kama kwamfutoci 6,000 cikin kimanin 60,000 da ke haɗe da intanet a lokacin. Ta yi amfani da wani umarnin C mai suna gets, wanda ke karɓar rubutu ba tare da auna tsawonsa ba. Sai a 2011 aka cire shi daga ƙa'idar harshen, amma har yanzu ana cin karo da shi a tsofaffin littattafai da takardun darasi da ake ta kwafa.

A watan Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke kare sirrin sadarwa tsakanin mai amfani da shafin intanet. An manta a duba ko tsawon saƙon da baƙo ya ambata ya yi daidai da abin da ya aiko, lamarin da ya ba masu kutse damar karanta guntayen ƙwaƙwalwar na'ura, har da kalmomin sirri. An ƙiyasta shafuka kusan 500,000 abin ya shafa. Shekaru 10 bayan haka, ranar 19 ga watan Yulin 2024, wani sabon fayil da kamfanin CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa ya tsayar da kwamfutoci miliyan 8.5 masu aiki da Windows, kamar yadda Microsoft ya ƙiyasta. An soke dubban tafiye-tafiyen jiragen sama, asibitoci sun ɗage ayyuka. Babu ɓarawo a wannan karon. Binciken kamfanin da kansa ya nuna cewa manhajar ta nemi karanta bayani na 21 a jerin da ke ɗauke da 20 kacal.

Alƙaluman manyan kamfanoni na nuna girman wannan rukuni. A 2019, Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na kafofin da yake toshewa kowace shekara kurakuran ƙwaƙwalwa ne. A 2020, masu gina Chrome na kamfanin Google sun samu kusan wannan adadi bayan sun duba manyan kurakurai 912.

Rukuni na uku shi ne na izini. Misali, shafin da ke nuna wa mutum rasiɗinsa mai lamba 1024, amma idan ya sauya lambar zuwa 1025 a adireshin shafin sai ya ga rasiɗin wani, saboda ba a sa manhajar ta tambayi ko na wane ne ba. A jerin manyan hatsarori 10 da gidauniyar OWASP ta fitar a 2021, wannan ne ya zo na ɗaya, cushen umarni kuma na uku.

Abin da ya haɗa rukunonin uku abu guda ne: an amince da abin da ya shigo daga waje ba tare da tantancewa ba.

Abin da ake koyarwa, da abin da ake ba maki

A darasin farko na rubuta manhaja, ko a Amurka ko a Faransa ko a Afirka ta Yamma, tsarin kusan iri ɗaya ne. Ɗalibi na koyon ajiye lamba, da yanke hukunci tsakanin hali biyu, da maimaita aiki, da jera bayanai. A ranar jarrabawa kuma ana gwada kod ɗinsa da irin bayanan da ake sa ran mai hankali zai shigar. Idan ya ba da amsa daidai, ya samu makinsa.

A ɗauki aikin da malamai ke yawan bayarwa: rubuta ƙaramar manhajar da ke cire kuɗi daga asusu ɗaya ta zuba a wani. Ɗalibi ya rubuta, aka gwada da sefa 5,000, asusun mai aikawa ya ragu, na mai karɓa ya ƙaru, ya samu 20 bisa 20. Amma ba wanda ya gwada abin da zai faru idan aka rubuta 5,000 da alamar ragi a gabanta. A kod da yawa na masu koyo, sakamakon shi ne asusun mai aikawa ya ƙaru, na mai karɓa ya ragu, wato an yi sata da alama guda. Ba a gwada shigar da harafi a gurbin lamba ba, ko lambar da ta fi ƙarfin wurin da aka ware mata. Darasin da ɗalibin ya tashi da shi, ko da malami bai furta ba, shi ne aikin ya ƙare da zarar manhaja ta yi tafiya.

Batun tsaro kuma, inda ake koyar da shi, yakan zo ne a shekara ta uku ta lisans ko a matakin masta, sau da yawa a matsayin darasin zaɓi ga waɗanda suka ƙudurta zama ƙwararrun tsaro. Kafin lokacin ɗalibi ya rubuta dubban layuka da tsohuwar ɗabi'a, kuma akasarin waɗanda za su rubuta manhajojin gobe ba su bi ta wannan aji ba sam. A watan Janairun 2024, Jack Cable, wanda a lokacin babban mai ba da shawara ne a CISA, ya wallafa cewa cikin jami'o'i 24 da ke kan gaba a ilimin kwamfuta a Amurka, 23 na ba ɗalibi digiri ba tare da tilasta masa darasin tsaro ko ɗaya ba. Jami'ar California da ke San Diego ce kaɗai ta fita daban. Ya yi irin wannan ƙidaya a 2019, ya samu adadi ɗaya.

Shekara guda kafin nan, a watan Fabrairun 2023, shugabar hukumar ta lokacin, Jen Easterly, ta yi jawabi a jami'ar Carnegie Mellon, inda ta ƙalubalanci jami'o'i su saka tsaro cikin kowane darasin rubuta manhaja, su kuma karkata ga harsunan da ke kare ƙwaƙwalwa da kansu. Ba ita ta fara wannan kira ba. Tun 2013 ƙungiyoyin ƙwararru na ACM da IEEE, waɗanda jami'o'i da dama a duniya ke duba shawararsu wajen tsara manhajar karatu, suka ware wa tsaro babi na kansa, tare da ba da shawarar a warwatsa wani ɓangarensa cikin sauran darussa. Shawarar ta shiga takarda, amma ba ta shiga aji da saurin da aka so ba.

Gwaje-gwajen da aka riga aka yi

Akwai wuraren da suka gwada. A jami'ar Towson da ke jihar Maryland, malamai Blair Taylor da Siddharth Kaza, da tallafin gidauniyar kimiyya ta Amurka, sun tsara ƙananan darussa da ake cusawa cikin azuzuwan farko ba tare da an ƙirƙiri sabon kwas ba. Ranar da aka koyi lambobi, ana ƙara ɗan aiki kan lambar da ta wuce iyaka. Ranar da aka koyi karɓar bayani daga mai amfani, ana ƙara tantancewa. Ranar da aka koyi jeri, ana nuna abin da ke faruwa idan aka wuce ƙarshensa. Kowane darasi na ƙarewa da ƴar takardar bincike da ɗalibi zai bi layi-layi ya duba kod ɗinsa da kansa. An bar kayan kyauta ga kowace makaranta.

A Faransa, hukumar tsaron tsarin sadarwa ta ƙasa, ANSSI, wadda aka kafa a 2009, ta ƙaddamar da shirin CyberEdu, wanda ya zama ƙungiya a 2016. Manufarsa ita ce a shigar da tsaro cikin karatun masu kwamfuta waɗanda ba ƙwararrun tsaro za su zama ba, ta hanyar tanadar wa malamansu kayan koyarwa da Faransanci. Hukumar ta kuma wallafa jagororin rubuta kod mai tsaro a harsunan C da Rust, waɗanda kowa ke iya saukewa.

Abin lura a nan shi ne tsadar. Ba a buƙatar ɗakin gwaji mai manyan na'urori. Manhajojin atisaye irin su WebGoat da Juice Shop na OWASP, waɗanda aka gina da kurakurai da gangan domin ɗalibi ya gano su ya gyara, suna aiki a kan kwamfutar hannu ba tare da intanet ba, da zarar an sauke su. Dandalin Root-Me na Faransa na ba da atisaye kyauta, haka ma gidauniyar OpenSSF na da kwas kyauta kan rubuta manhaja mai tsaro.

Hujjojin masu ɗari-ɗari

Ba kowane malami ya gamsu ba, kuma hujjojinsu na da nauyi. Na farko, shekarar farko ta riga ta cika. Ɗalibin da ke fama da fahimtar yadda ake maimaita umarni, idan aka ɗora masa tunanin mai kutse, ana tsoron ya rikice ya bar fannin. Masu goyon bayan sauyin na amsa cewa ba sabon babi ake nema ba, sauyin ma'aunin maki ne: a ware wani kaso na makin ga yadda manhaja ke tunkarar bayanin da ba a zata ba.

Na biyu, malaman da ke riƙe da azuzuwan farko galibi su ma ba a koya musu haka ba. Wannan ce ma ta sa shirin Faransa ya soma da malamai kafin ɗalibai. Na uku, akwai masu fargabar cewa nuna wa matashi yadda ake cusa umarni tamkar koya masa sata ne. Sai dai bayanin hanyoyin na warwatse a intanet tun shekaru da dama, kuma wanda ya fi rashin saninsu shi ne mai ginin, ba ɓarawon ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta huɗu: ilimi shi kaɗai ba ya hana kuskure. Wanda ya rubuta layin da ya haifar da Heartbleed mai bincike ne a fannin sadarwa, kuma wani ƙwararre ya duba aikin kafin a karɓe shi. CrowdStrike kuwa kamfanin tsaro ne. Mutum na gajiya, yana gaggawa, kuma kamfani na matsa masa ya fitar da kaya kafin abokin gogayya. Saboda haka wasu ke ganin gyaran na hannun kayan aiki. A 2022 hukumar leƙen asiri ta NSA ta ba da shawarar a koma ga harsuna irin su Java, Go, C# da Rust, waɗanda ke hana akasarin kurakuran ƙwaƙwalwa tun daga tushe, kuma fadar White House ta maimaita kiran a wani rahoto na watan Fabrairun 2024. Google ya ce bayan ya soma rubuta sabon kod na Android da irin waɗannan harsuna, kason kurakuran ƙwaƙwalwa cikin kafofin da ake ganowa ya sauko daga kashi 76 cikin 100 a 2019 zuwa kashi 24 a 2024.

Wannan nasara ce babba, amma tana da iyaka. Babu harshen da zai hana marubuci karɓar kuɗi mai alamar ragi, ko nuna wa Audu rasiɗin Tanko. Log4j, ɓangaren manhajar da ɓarakarsa ta girgiza duniya a watan Disamban 2021, da Java aka rubuta shi. Kwamitin da gwamnatin Amurka ta ɗora wa binciken lamarin ya yi hasashen a 2022 cewa za a ɗauki shekaru 10 ko fiye ana cin karo da shi a cikin na'urori, kuma cikin shawarwarinsa har da ƙara zuba jari a horar da marubuta manhaja kan tsaro. Kayan aiki na rufe wasu ƙofofi, amma sai wanda ya san dalilinsu ke zaɓensu ya kuma yi aiki da su daidai.

Doka da ƙirƙirarriyar basira sun sauya lissafi

Abubuwa biyu ne suka mayar da wannan tsohuwar muhawara ta zama ta gaggawa. Na farko doka ce. Shekara da shekaru, kamfanin manhaja na sayar da kaya mai ɓaraka, mai saye kuma ya ɗauki asarar. Amurka ta bi hanyar lallashi: a watan Mayun 2024 kamfanoni 68 suka sa hannu kan alƙawarin sa kai da CISA ta gabatar na gina tsaro tun daga zane. Tarayyar Turai kuwa ta bi hanyar tilas. Dokarta kan juriyar kayan dijital ta soma aiki ranar 10 ga Disamban 2024. Ta tanadi cewa daga 11 ga Satumban 2026, mai ƙera kaya zai sanar da hukuma cikin sa'o'i 24 idan ya gano ana amfani da wata kafa a kayansa, sauran sharuɗɗan kuma su hau kan kowa daga 11 ga Disamban 2027. Tarar na iya kai yuro miliyan 15, kusan sefa miliyar 10, ko kashi 2.5 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. Dokar ta shafi duk kayan da za a sayar a kasuwar Turai, ko a ina aka ƙera su, don haka kamfanonin da ke ba da aikin rubuta kod a ƙasashen waje za su sauke sharuɗɗan kan waɗanda suke ɗauka.

Na biyu shi ne ƙirƙirarriyar basira. A yau ɗalibi na iya neman ChatGPT ko Copilot ya rubuta masa aikin gida cikin daƙiƙoƙi. A 2021, masu bincike na jami'ar New York sun sa Copilot ya rubuta manhajoji 1,689 a yanayi 89 da suka shafi tsaro, suka tarar da rauni a kusan kashi 40 cikin 100. A 2022, wani bincike na jami'ar Stanford kan mutane 47 ya nuna cewa waɗanda suka yi aiki da mataimakin na'ura sun fi rubuta kod mai rauni, kuma sun fi yarda cewa abin da suka rubuta lafiya yake. Na'urorin sun inganta tun daga lokacin, amma daga kod ɗin da mutane suka rubuta suke koyo, da kyawunsa da aibinsa. Idan na'ura ce ke yin rubutun farko, aikin da ya rage wa mutum shi ne dubawa, kuma wanda bai taɓa koyon gane ɓaraka ba ba zai gan ta ba ko tana gabansa.

Inda Nijar ta shigo

A Nijar, ɗan ci-rani da ke Abijan ko Kwatano na aiko wa iyalinsa kuɗi Tawa ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana, ɗan kasuwa a Maraɗi na biyan abokin hulɗarsa na Damagaram ta salula, kuma sakamakon jarrabawa da rajistar takardu na ƙara komawa shafukan intanet. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka kod ne da wani ya rubuta, kuma wani ɓangare nasa, musamman na ma'aikatu, asibitoci, makarantu da ƙananan kamfanoni, ƴan ƙasa ne ke rubutawa, wani lokaci ɗalibin da ya zo staj.

Ta fuskar doka ƙasar ba ta zauna ba. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2017 da aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP da ke sa ido kanta. Akwai dokar yaƙi da laifukan intanet ta watan Yulin 2019, wadda jama'a suka fi sani ta shari'o'in kalaman da ake wallafawa a shafukan sada zumunta, ko da yake ta tanadi hukunci kan kutse cikin na'urori. Nijar na kuma cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda ta soma aiki a watan Yunin 2023. Sai dai dokar hukunta ɓarawo na aiki ne bayan an yi sata, idan ma an kama shi, kuma mai kutse na iya kasancewa a wata nahiya.

Barazanar ba ta nesa ba ce. A watan Nuwamban 2022, kamfanin Group-IB ya wallafa rahoto kan wani gungu mai magana da Faransanci da ya kira OPERA1ER, wanda ya sace aƙalla dala miliyan 11 daga bankuna da kamfanonin sadarwa tsakanin 2018 da 2022, akasari a Afirka, kuma Nijar na cikin ƙasashen da rahoton ya lissafa. Gungun ya fi shiga ne ta saƙonnin yaudara da ake aika wa ma'aikata, abin da ke nuna cewa kod mai kyau ba ya maye gurbin wayar da kan ma'aikaci. Amma yadda aka tsara izini a cikin manhaja ne ke yanke ko wanda ya sace kalmar sirrin ma'aikaci ɗaya zai tsaya a ofishinsa ko zai kai ga asusun kowa.

Dama kuma akwai ta. Ban da jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sauran jami'o'in gwamnati matasa ne: na Maraɗi, Damagaram da Tawa an kafa su a 2010, na Agadas, Diffa, Dosso da Tilaberi kuma a 2014. Ga kuma reshen cibiyar IAI a Yamai da makarantu masu zaman kansu da ke horar da matasa a fannin informatik. Tsarin karatun da bai daɗe ba ya fi sauƙin gyara a kan wanda ya yi shekaru 50 yana tafiya a hanya ɗaya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙarancin kwamfutoci, yankewar wuta da tsadar intanet matsaloli ne na zahiri, amma tambayar abin da zai faru idan baƙo ya shigar da abin da ba a zata ba, ana iya yin ta a kan allo da alli.

Matakan da ke hannu

Daga abin da aka gwada a wasu wurare, matakai huɗu ne suka fi kusa. Sashen koyarwa na iya ware kaso na makin kowane aikin kod ga tantance bayanai, tun zangon farko. Ana iya tace takardun darasi, a cire misalan da ke liƙa rubutun baƙo cikin tambayar SQL ko suke amfani da umarnin da aka daina. Ana iya sa ɗalibai su yi musayar aiki, kowa ya nemi karya na ɗan'uwansa a cikin aji, bisa ƙa'idar da malami ya shimfiɗa da kuma bayanin abin da doka ta haramta a waje. Sannan a soma da horar da malaman shekarar farko, tun da kayan koyarwar na nan da Faransanci kuma kyauta.

Sauran aikin na hannun masu sayen manhaja. Muddin ma'aikata ko banki zai karɓi aiki daga ɗan kwangila don kawai allon ya yi kyau kuma maɓallan na aiki, makaranta ba za ta ga dalilin sauya ma'auninta ba. Ranar da takardar kwangilar gwamnati ta soma neman shaidar cewa an gwada manhaja da manyan hatsarorin da OWASP ta lissafa kafin a biya kuɗi, kamfanoni za su soma tambayar masu neman aiki ko sun iya, ɗalibai kuma su soma tambayar malamansu. Matashin da ya shiga shekarar farko a bana zai fito da lisans bayan shekaru uku, lokacin da dokar Turai ta riga ta hau kan kowa, kuma da abin da aka ba shi maki a kai zai fito.